Sarki Mongkut na Siyam (1804–1868): Sarkin da Ya Tsare Ƙasarsa da Alƙalami

Gabatarwa

A cikin ƙarni na 19 Turawa suka gama raba ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a tsakaninsu. Ingila ta cinye Bama da ƙasashen Malayu, Faransa ta kama Biyetnam da Kambodiya da Lawos, tsibiran Indunisiya suna hannun Holan, na Filifin kuma suna hannun Sifen. Ƙasa ɗaya tak ce a wannan yanki Turawa ba su kafa mata tutar mulkin mallaka ba, wato Siyam, wadda yanzu ake kira Tailan. Ba ta fi maƙwabtanta yawan dakaru ba, ba ta kuma fi su makamai ba. To, me ya tserar da ita?

Masana tarihi sun kawo dalilai da dama, amma galibinsu sun yarda cewa irin sarkin da ƙasar ta samu a daidai lokacin da hadarin ya haɗo yana daga cikin manyan dalilan. Wannan sarki shi ne Mongkut, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1868. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin rayuwarsa, tare da mai da hankali ga wasiƙun da ya yi musaya da shugabannin Turai da Amurka. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zumuncin da ke cikin wasiƙun nan dabara ce ta kare ƙasa, wadda mai ita ya daɗe yana shiryawa, ya kuma biya ta da tsada. Ga ɗalibin harshe akwai abin lura a nan, domin da harshe da alƙalami aka yi wannan yaƙi.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Mongkut ranar 18 ga Oktoba, 1804, a fadar Tonburi, daura da birnin Bankok. Kakansa, wanda daga baya aka laƙaba wa Rama na Ɗaya, shi ya kafa gidan sarautar Cakri a 1782, ya mai da Bankok babban birni, shekara 15 bayan mayaƙan Bama sun ƙone tsohon birnin sarauta, Ayuttaya. Mahaifinsa ya hau gado a 1809. Mahaifiyarsa kuwa ita ce uwargidan sarki, kuma jinin sarauta ce, saboda haka tun yana yaro ake yi masa kallon mai jiran gado.

Al'adar mutanen Siyam, waɗanda mabiya addinin Buda ne, in saurayi ya cika shekara 20 yakan shiga gidan ibada ya yi zaman zuhudu na 'yan watanni. Sai ya aske kansa, ya yafa mayafi ruwan ɗorawa, ya ɗauki ƙoƙon bara. Mongkut ya shiga wannan zama a 1824, yana da mata da 'ya'ya maza biyu. Bai daɗe da shiga ba sai mahaifinsa ya rasu. Da 'ya'yan sarki da manyan fada suka taru zaɓen magaji, sai suka tsallake shi, suka naɗa wansa Nangklao, wanda ɗan ƙwarƙwara ne, amma ya girme shi da fiye da shekara 16, ya kuma goge wajen sha'anin ciniki da hulɗa da baƙi. Shi ne Rama na Uku.

Mongkut ya san halin fada. Ɗan sarkin da ake ganin ya fi cancanta, in ya zauna kusa da gadon da aka hana shi, to ransa yana cikin haɗari, ko da kuwa ba ya nufin komai. Sai ya ƙi tuɓe mayafin zuhudu. Zaman da aka shirya na 'yan watanni sai da ya kai shi shekara 27.

Shekara 27 Cikin Zuhudu

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Abin da sauran sarakunan Asiya na zamaninsa ba su samu ba, Mongkut ya same shi a gidan ibada. Da farko dai ya san ƙasarsa da ƙafarsa. Ya yi yawo ƙauye-ƙauye yana karɓar sadakar abinci daga hannun manoma, ya ji kukansu da kunnensa, abin da sarkin da ya tashi a bayan katangar fada ba zai taɓa ji ba. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan, a 1833, ya ci karo da wani dutse mai rubutu a kangon birnin Sukotai, wanda ake danganta shi da Sarki Ramkamhaeng na ƙarni na 13, ya sa aka kawo shi Bankok.

Na biyu, ya zurfafa cikin Pali, harshen littattafan addininsu, har ya gano cewa abubuwa da yawa da ake yi da sunan addini ba su da tushe a cikin littattafan asali. Sai ya kafa wata ɗarika ta masu gyara, mai suna Tammayut, wadda har yau tana nan. Wajen 1836 aka ba shi shugabancin gidan ibada na Bowonniwet a Bankok, ya mai da shi cibiyar ilmi. Wannan ɗabi'a ta komawa ga asalin rubutu, da ƙin yarda da abin da aka ce wai an ce, ita ce daga baya ya kawo cikin harkar jakadanci.

Na uku, ya buɗe ƙofa ga baƙi. Ya ƙulla abota da wani limamin Katolika Bafaranshe, Jean-Baptiste Pallegoix, suka yi musayar ilmi: shi yana koya wa limamin Pali, limamin yana koya masa Latinanci. Daga wajen 'yan mishan na Amurka kuma ya koyi Ingilishi, musamman Jesse Caswell, wanda ya fara karantar da shi a 1845, bisa sharaɗin a ba shi ɗaki a gidan ibadar inda zai riƙa wa'azi. Akwai kuma likita Dan Beach Bradley, wanda ya kawo injin ɗab'i mai baƙaƙen harshen ƙasar. Mongkut bai bar addininsa ba, amma ya kwashi abin da yake so: lissafi, ilmin taurari, labarin ƙasa, da tarihin Turai. Ya watsar da tsohon zancen cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Bai kuwa manta da malamansa ba. Caswell ya rasu a 1848, amma da Mongkut ya zama sarki sai da ya aika wa matarsa kuɗi har Amurka.

Da ya iya Ingilishi, sai ya riƙa karanta jaridun da ke zuwa daga Singafo da Hon Kon. Abin da ke faruwa a kewaye da shi kuwa ya isa ya hana mai hankali barci. Bama, tsohuwar abokiyar gabar Siyam, wadda ta taɓa ƙone Ayuttaya, Ingila ta ci ta da yaƙi tsakanin 1824 da 1826, ta ƙwace mata yankunan bakin teku. Ƙasar Sin, wadda duk yankin ke ɗauka uwa ma ba da mama, jiragen yaƙin Ingila suka durƙusar da ita a yaƙin ofiyam na 1839 zuwa 1842, aka tilasta ta buɗe tashoshin jiragenta, ta kuma ba da Hon Kon. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hawansa Gadon Sarauta

A ƙarshen mulkin Rama na Uku dangantaka da Turawa ta yi tsami. A 1850 Amurka ta aiko jakada, Ingila ma ta aiko Sir James Brooke, dukkansu suna neman a sassauta dokokin ciniki, dukkansu kuma suka koma hannu rabbana. Brooke ya tafi da fushi, har ya ba gwamnatinsa shawarar a yi amfani da ƙarfi. Ana cikin haka sai sarki ya rasu, ranar 2 ga Afrilu, 1851.

Gidan da ke da ƙarfi a fada a lokacin shi ne gidan Bunnag, waɗanda ke danganta asalinsu ga wani ɗan kasuwa mutumin Farisa, Shehu Ahmad, da ya zauna a Ayuttaya a ƙarni na 17. Su suka tsaya aka kira Mongkut daga gidan ibada. Ya tuɓe mayafin zuhudu yana da shekara 46, aka naɗa shi a watan Mayu na 1851. Shi ne Rama na Huɗu. Nan take ya ɗaga ƙanensa Pinklao, wanda shi ma ya iya Ingilishi, kuma ya san harkar soja da ta jiragen ruwa, ya ba shi matsayin sarki na biyu. Da haka ya toshe ƙofar rikicin cikin gida, wadda ta nan ne baƙi suka saba shigowa.

Bai jira an matsa masa ba. Ya rage kuɗin da ake karɓa daga jiragen baƙi, ya kuma fara rubuta wasiƙu zuwa ga manyan Turawan Ingila da ke Gabas, yana nuna musu cewa sabon sarki a shirye yake a yi magana. A shekarar da ta biyo, wato 1852, Ingila ta sake auka wa Bama, ta cinye duk kudancinta.

Yarjejeniya da Turawa

A 1855 gwamnan Hon Kon, Sir John Bowring, ya iso cikin jirgin yaƙi. Kafin zuwansa sun riga sun saba da sarki ta hanyar wasiƙa, saboda haka aka karɓe shi kamar tsohon aboki. Cikin ƙasa da wata guda aka gama magana, aka sa hannu ranar 18 ga Afrilu. Manyan sharuɗɗan su ne: kuɗin fito a kan kayan da ake shigowa da su ba zai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, 'yan kasuwar Ingila za su yi ciniki kai tsaye da jama'a ba sai ta hannun fada ba, za su iya zama da mallakar fili a kewayen Bankok, za a shigo da ofiyam ba fito, amma a sayar wa wanda gwamnati ta ba izini kaɗai, in kuma ɗan Ingila ya yi laifi, ƙaramin jakadan ƙasarsa ne zai yi masa shari'a, alƙalin Siyam ba shi da iko a kansa.

Kowa ya dubi sharuɗɗan nan ya san ba na adalci ba ne. Sun ɗaure hannun gwamnati wajen samun kuɗin shiga, har ta ƙara dogara ga harajin caca da barasa da ofiyam. Sun kuma tauye ikon kotunan ƙasar. Amma Mongkut da manyan fadarsa, musamman Si Suriyawong na gidan Bunnag, sun auna sun ga cewa irin waɗannan sharuɗɗa ne aka ɗora wa Sin bayan an zubar da jini, an kuma yanke mata tara. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Gara a bayar da hannu, a tsira da gadon sarauta, da a bayar bayan an sha kashi. Daɗin daɗawa, cinikin shinkafa ya buɗe, jiragen baƙi suka yawaita a Bankok, manoma suka shiga sare daji suna faɗaɗa gonaki.

Inda hikimarsa ta fito fili shi ne abin da ya biyo baya. Maimakon ya bar Ingila ita kaɗai da wannan gata, sai ya raba shi ga duk wanda ya nema. A 1856 ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da Amurka ta hannun Townsend Harris, da kuma Faransa. Denmak ta biyo a 1858, Fotugal a 1859, Holan a 1860, Furusiya a 1862. Lissafinsa shi ne, in masu cin moriyar kasuwa suka yi yawa, kowannensu zai sa ido kada ɗaya ya haɗiye ta shi kaɗai.

Wasiƙu da Jakadu

A al'adar fadar Siyam, wasiƙar sarki tamkar sarkin ce da kansa. Ita ake yi wa jerin gwano, a ɗora ta a kan mazubin zinariya, a riƙe mata laima, jakada kuwa mai rakiya ne kawai. Mongkut ya riƙe wannan al'ada, ya kuma ƙara mata abin da babu sarkin ƙasar da ya taɓa yi kafinsa: yana rubutu da Ingilishi da hannunsa. Ingilishin nasa yana da nasa salo, mai dogayen jumloli da kalmomin da ya tsinto daga littattafai, amma manufarsa ba ta ɓuya. Yakan sa hannu da laƙabin Latinanci mai ma'anar sarkin mutanen Siyam, kamar yadda sarakunan Turai ke yi. Sarauniya Biktoriya kuwa yakan ambace ta a matsayin 'yar'uwa ta fuskar sarauta. Duk wanda ya amsa irin wannan wasiƙa, ya yarda ke nan cewa sarki ne yake magana da sarki.

Dalilin da ya sa ya damu da rubuta abinsa da kansa yana da nasaba da ƙasar Sin. Shekaru aru-aru sarakunan Siyam suna aika jakadu da kaya zuwa fadar sarkin Sin, domin ta haka ake samun izinin ciniki. A wajen mutanen Sin kuwa wannan gaisuwa ce ta bara zuwa ga ubangidansa. Mongkut ya bayyana wa jama'arsa a wata sanarwa cewa masu fassara ne suka riƙa juya wasiƙun sarakunan da suka gabata, suna mai da kalmomin zumunci su koma na mubaya'a, su kuwa sarakunan ba su sani ba don ba su iya karatun Sinanci ba. Bayan tawagar 1853 bai sake aika gaisuwa Sin ba. Ya gane cewa ana iya sayar da 'yancin ƙasa a bakin tafinta.

A 1857 ya tura jakadu Ingila, Sarauniya Biktoriya ta karɓe su a fadar Winsa a watan Nuwamba. Tafintan tawagar, Mom Racotai, ya rubuta labarin tafiyar cikin waƙa, wadda ta zama sananniya a adabin ƙasar. Cikin tukwicin da ya zo daga Ingila akwai ƙaramin injin buga kuɗi, wanda ya zama mafarin gidan buga kuɗin ƙarfe da aka kafa a 1860. A 1861 wata tawaga ta tafi Faransa, Napoliyon na Uku ya karɓe ta a fadar Fontainebleau ranar 27 ga Yuni, shekara 175 bayan jakadun Sarki Narai sun ziyarci Luwis na Goma Sha Huɗu a 1686. Ya kuma aika wasiƙa ga Fafaroma Piyus na Tara. Kyautar da ake kaiwa ba ta wasa ba ce: kayan zinariya, takubba, laimomi, da samfurin kayan sarauta, don a nuna wa Turawa cewa ƙasar tana da tsari da sana'a da tarihi. Hujjar da masu mulkin mallaka suka saba kawowa ita ce sun zo ne su waye da waɗanda ba su waye ba. Kowace wasiƙa da kowace kyauta tana rushe wannan hujja.

Batun Giwaye

Wasiƙarsa da ta fi shahara ita ce wadda ya rubuta wa shugaban Amurka ranar 14 ga Fabrairu, 1861. Hulɗar ƙasashen biyu ta samo asali tun 1833, lokacin da jakadan Shugaba Andrew Jackson, Edmund Roberts, ya ƙulla yarjejeniyar zumunci da ciniki da Rama na Uku, wadda ita ce ta farko tsakanin Amurka da wata ƙasa ta Asiya. Amurka a lokacin ba ta mallaki ko taƙi ɗaya a yankin ba, saboda haka abota da ita ba ta da haɗari.

Wani kyaftin ɗin jirgin ruwan sojan Amurka da ya ziyarci Bankok ya gaya wa sarki cewa babu giwa a ƙasarsu. Sarki ya kuma ji cewa Amurkawa sun sayo raƙuma daga ƙasashen Larabawa suna gwada aiki da su. Sai ya yi tayin ba su 'yan giwaye, maza da mata, a sake su a daji mai zafi, a hana farautarsu har su hayayyafa, sa'an nan a kama su a horar don ɗaukar kaya a inda babu hanya. Ya yi bayani dalla-dalla yadda za a kai su: Amurka ta aiko babban jirgi mai ɗauke da ciyawa da tankunan ruwan sha da wurin kwanciya, da wani jirgi mai tururi da zai ja shi don a yi sauri. Tare da wasiƙar ya aika takobi, da hauren giwa biyu, da hotonsa shi da 'yarsa. Da yake ya san tsarin mulkin Amurka, sai ya rubuta ta ga Shugaba James Buchanan, ko kuma duk wanda jama'a suka zaɓa a bayansa.

Haka kuwa aka yi. Wasiƙar ta faɗa hannun Abraham Linkon, wanda ya amsa ranar 3 ga Fabrairu, 1862. Ya yi godiya cikin ladabi, ya bayyana cewa dokar ƙasarsu ba ta yarda shugaba ya riƙe irin wannan kyauta a matsayin tasa ba, don haka za a ajiye ta a taskar gwamnati. Game da giwaye kuwa ya nuna cewa yanayin ƙasar bai kai zafin da za su hayayyafa ba, kuma jiragen ƙasa da na ruwa masu tururi sun wadatar da su wajen sufuri. Wasiƙar Mongkut tana ajiye a gidan adana takardun tarihi na Amurka.

An sha faɗa cewa wai ya yi tayin giwayen ne don a yi yaƙin basasar Amurka da su. Kwanan watan ya ƙaryata wannan, domin sai a watan Afrilu na 1861 aka fara yaƙin, wata biyu bayan an rubuta wasiƙar. Wasu kuma suna ɗaukar tayin abin dariya. Amma a Siyam giwa ita ce abin hawan sarki, ita ce alamar mulki, har farar giwa ce a kan tutar ƙasar a lokacin. Sarkin ƙaramar ƙasa ya dubi babbar ƙasa, ya nemo abin da ta rasa, ya ce zai ba ta. Ya sa kansa a matsayin mai bayarwa, shugaban Amurka kuma, yana tsakiyar yaƙi, ya zauna ya amsa masa amsar tsara da tsara. Ko giwa ɗaya ba ta ƙetare teku ba, amma buƙata ta biya.

Iyakar Zumuncin Takarda

Kada a ɗauka cewa daɗin baki ya hana Turawa abin da suka yi niyya. A 1862 jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta a kan Tarangganu, wata masarautar Malayu da Siyam ke ɗauka tana ƙarƙashinta. Faransa kuwa, wadda ta kama Saigon a 1859, ta sa Sarki Norodom na Kambodiya ya shiga ƙarƙashin kariyarta a 1863, alhali Kambodiya tana kai gaisuwa Bankok, shi kansa Norodom ma a can ya yi ƙuruciyarsa. Wannan ya faru shekara biyu kacal bayan liyafar Fontainebleau.

Mongkut ya shiga halin gaba kura baya sayaki. A wata wasiƙa da ya aika wa jakadansa a Faris, ya kwatanta Faransa da kada, Ingila da ƙaton kifin teku, ya nuna cewa dole ƙasarsa ta zaɓi wanda za ta raɓa. Ya ƙara da cewa ko da suna da zinariyar sayen jiragen yaƙi masu yawa, daga hannun waɗannan ƙasashe za su saya, don haka makamin da ya rage musu shi ne baki da zuciya mai hankali. A 1867 aka sa hannu a Faris: Siyam ta haƙura da Kambodiya, ta tsira da lardunan Battambang da Siyam Rif. Wannan ita ce hanyar da ya shata, wato a saki gefe don a riƙe tsakiya.

Gyare-gyare a Cikin Gida

Ya san wasiƙa ba za ta yi tasiri ba in baƙon da ya zo ya ga akasin abin da aka rubuta masa. Ya umarci fadawa su riƙa sa riga in za su zo gabansa. Ya soke dokar da ta hana talaka kallon sarki in yana wucewa, ya kuma riƙa fitowa da kansa yana karɓar koke-koke. A 1858 ya fara buga jaridar gwamnati don a san dokoki. Ya haƙa hanyoyin ruwa, ya gina titin Caroen Krung a Bankok. Ya bar kowa ya yi addininsa, ya kuma hana miji sayar da matarsa ba da yardarta ba. Duk da haka bai taɓa tushen bauta da aikin tilas ba, sai a zamanin ɗansa aka kawar da su.

Ya haifi 'ya'ya 82, ya kuma so su iya Ingilishi. Don haka ya ɗauko wata malama, Anna Leonowens, wadda ta koyar a fada daga 1862 zuwa 1867. Littafin da ta buga a 1870 yana cike da ƙarin gishiri, daga gare shi kuma aka samo wani ƙagaggen labari a 1944, da wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a 1951, da fim a 1956, inda aka nuna sarkin kamar wani mai taurin kai da Baturiya ta zo ta wayar. Hukumomin Tailan suka hana nuna fim ɗin. Mutumin da ya yi shekara 17 da fara Ingilishi kafin zuwanta, ya kuma gama manyan yarjejeniyoyinsa, bai cancanci wannan hoto ba.

Rasuwarsa

Ilmin taurari shi ne abin da ya fi so, shi ne kuma ya zama sanadin ajalinsa. Ya yi lissafi da kansa ya gano cewa za a yi husufin rana cikakke ranar 18 ga Agusta, 1868, kuma za a fi ganinsa a wani ƙauye mai suna Wako, a bakin teku, kudu da Bankok. Ya sa aka share daji aka kafa sansani, ya gayyaci gwamnan Ingila na Singafo, Sir Harry Ord, masanan taurari na Faransa su ma suka zo. Yana so jama'arsa su daina yarda cewa dodo ne ke haɗiye rana, yana kuma so Turawa su ga cewa ilmin da suke taƙama da shi ba nasu ba ne su kaɗai. Ranar ta zo, rana ta yi duhu fiye da minti 6, kamar yadda ya faɗa.

Amma wurin fadama ce mai sauro. Da shi da ɗansa Culalongkon suka kamu da zazzaɓin cizon sauro. Ɗan ya warke, uban ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 1868, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 64. Culalongkon ya gaje shi yana da shekara 15, Si Suriyawong ya riƙe masa mulki har 1873. Ranar 18 ga Agusta ita ce ranar kimiyya ta ƙasa a Tailan.

Kammalawa

Ba daidai ba ne a ce alƙalamin Mongkut shi kaɗai ya tsare Siyam. Sarki Mindon na Bama shi ma ya yi gyare-gyare, ya aika jakadu Turai, amma Ingila ta haɗiye sauran ƙasarsa a 1885, shekara 7 bayan rasuwarsa. Siyam ta ci moriyar kasancewa tsakanin ƙattai biyu da ba sa son iyakokinsu su haɗu, har a 1896 Ingila da Faransa suka yi alkawarin barin tsakiyar ƙasar. Ta kuma ci gaba da asara: Lawos ta tafi a 1893, lardunan nan biyu na Kambodiya a 1907, masarautun Malayu huɗu a 1909. Sharuɗɗan Bowring kuwa sai a ƙarshen shekarun 1930 aka gama warware su.

Duk da haka, dama ba ta amfanin wanda bai shirya mata ba. Mongkut ya koyi harshen wanda ya fi shi ƙarfi tun kafin ya buƙace shi, ya ƙi barin tafinta ya yi magana a madadinsa, ya bambance abin da za a iya bayarwa da abin da in an bayar an mutu. Lokacin da Turawa suka zauna raba yankin, sun tarar da Siyam tana da yarjejeniya da ƙasashe da dama, sarakunansu kuma sun riga sun amsa wasiƙun sarkinta da hannunsu. Wannan shi ne gadon da ya bar wa ɗansa, wanda ya yi shekara 42 yana gini a kansa.